Yaɓen Kabon a Kan Ƙarfen Dashen Ƙashi: Sharhi Kan Da'awar Amincinsa Bisa Ma'aunin Manomin Gozaki

1.0 Gabatarwa

Tun fil azal idan Bahaushe ya samu karaya, wurin maɗori yake nufa. Maɗori yakan ja gaɓa, ya daidaita ƙashi, ya ɗaure da karare da tsumma, bayan 'yan makonni kuma a kwance ɗaurin a yar. Likitan ƙashi kuwa, irin na Asibitin Ƙashi na Dala da aka buɗe a Kano a 1959, yakan dasa faranti ko ƙusa ko gaɓar ƙarfe a cikin jiki, wani zubin har iyakar rayuwar majinyaci. Saboda haka tambayar aminci ta fi nauyi a kansa.

A cikin wannan takarda za mu yi sharhi ne kan da'awar da ake yawan yi a rubuce-rubucen masana, cewa yi wa ƙarfen dashe yaɓe da ƙananan ƙwayoyin kabon abu ne "mai dacewa da jiki". Ma'aunin da muka zaɓa shi ne jikin manomin Gozaki, a Ƙaramar Hukumar Kafur, cikin yankin noma na Funtuwa da Malumfashi.

2.0 Abin da Ake Nufi da Yaɓen Kabon

Kabon shi ne sinadarin da ke cikin gawayi da bakin fensir da lu'ulu'u. A 1991 Sumio Iijima na Japan ya bayyana siraran bututan kabon, a 2004 kuma Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ware girafin a Jami'ar Manchesta, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya. Da nanomita ake auna su, kashi ɗaya ke nan cikin biliyan na mita. Dalilin shafa su a kan ƙarfen titaniyam shi ne su ba fuskarsa ɗan kaushi mai kama da na ƙashi, domin ƙwayoyin halitta masu gina ƙashi su samu wurin kamawa su yaɗu.

Wajibi ne mu yi wa masu wannan ra'ayi adalci. A 2008 masana a Jami'ar Shinshu ta Japan sun nuna cewa bututan kabon da aka dasa jikin ƙashin ɓeraye ba su haddasa kumburi mai yawa ba, har ma sun hanzarta tohowar sabon ƙashi da aka haɗa su da sinadarin da ke zuga shi. Haka nan an daɗe ana amfani da wani nau'in kabon a murafan zuciya na dashe, tun ƙarshen shekarun 1960.

3.0 Raunin Da'awar

Rauni na farko shi ne kuɗin goro da ake yi wa kabon, kamar duk abu ɗaya ne. A cikin wannan shekara ta 2008, Poland da Donaldson da abokan aikinsu a Edinbara sun zuba dogayen bututan kabon a kogon cikin ɓeraye, suka ga kumburi irin wanda asbesto ke haifarwa, alhali gajeru da cukurkuɗaɗɗu ba su yi haka ba. Dalili kuwa, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye datti ba sa iya lanƙwame dogon zare mai tauri, sai su yi ta fama da shi suna zubar da gubar da ke ƙona naman da ke kewaye. A 2014 Hukumar Binciken Cutar Daji ta Duniya da ke Liyon ta sanya nau'in da ake kira MWCNT-7 a rukunin 2B, wato abin da mai yiwuwa ne ya jawo wa ɗan Adam cutar daji. Ashe ke nan hukunci kan kabon ba ya inganta sai an faɗi tsawonsa da kaurinsa da kuma ragowar ƙarfe ko nikel da ya saura a jikinsa daga masana'anta.

Rauni na biyu shi ne gajartar lokaci. Galibin gwaje-gwajen kwanaki ne a faranti, ko makonni da watanni a jikin ɓera da zomo. Duk magini ya san ba a yabon yaɓe ranar da aka yi shi, sai damina ta wuce. Tarihi ya riga ya ba mu darasi a nan. A shekarun 1970 da 1980 an dasa zaren kabon a madadin jijiyar gwiwa, daga baya aka iske ya gutsuttsura, ɓarɓashinsa har cikin kaluluwa, aka yi watsi da shi. A 2003 Taeger da abokansa a Jamus sun ba da rahoton kawunan gaɓar kwatangwalo da aka yi wa yaɓen kabon mai kama da lu'ulu'u: cikin kimanin shekara takwas da rabi, kusan rabinsu sai da aka sake musu aiki, domin yaɓen ya ɓamɓare. Wannan yaɓe ne da ya yi kyau ƙwarai a ɗakin gwaji.

Rauni na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne jikin da aka ɗauka a matsayin ma'auni. Akasarin masu karɓar gaɓar dashe a Turai tsofaffi ne da suka ajiye aiki. Manomin Gozaki kuwa yana bin garmar shanu yini guda, yana saɓa buhun masara mai kilo 100, yana tsugunne wajen cirar auduga, yana durƙuso da sujada sau biyar a rana. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gugar yaɓe ne. Daɗin daɗawa, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, cutar da takan kashe kan ƙashin kwatangwalo tun da ƙuruciya. Saurayin da aka yi wa dashe yana ɗan shekara 25 yana bukatar yaɓen da zai jure shekara 40, kuma in ya ɓamɓare, aiki na biyu a Dala ko Shika yana nufin sayar da shanun huɗa ko jinginar da gona.

4.0 Shawarwari

Da farko, duk rahoton bincike ya fayyace nau'in kabon da ya gwada dalla-dalla. Na biyu, a gwada yaɓen ƙarƙashin nauyi da guga na tsawon lokaci, a kuma bi sawun ɓarɓashinsa zuwa kaluluwa da hanta da saifa. Na uku, kafin hukumar NAFDAC ta amince da irin wannan dashe, a kafa rajistar bin diddigin majinyata, kamar yadda Siwidin ta yi wa dashen gwiwa a 1975 da na kwatangwalo a 1979. Na huɗu ya rataya ne a wuyanmu malaman harshe: kada mu fassara "dacewa da jiki" da "aminci" a takardar neman yardar majinyaci, domin na farko sakamakon gwaji ne, na biyu kuwa alkawari ne. Mutanen Arewa ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara kusan 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996 ba, da irin rashin yardar da ya biyo baya.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa yaɓen kabon yana da alamun alheri ga ginin ƙashi, amma hujjojin da aka kawo ba su kai nauyin da'awar da aka ɗora musu ba. Amincin yaɓe ya dogara ne kan nau'insa, da zamansa daram a inda aka shafa shi, da kuma jikin da zai ɗauke shi shekara da shekaru. Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Muna fatan mahalarta wannan taro, musamman malaman kimiyya da na Hausa, za su haɗa kai wajen samar da kalmomin da za su gaya wa manomi gaskiyar abin da za a dasa masa kafin ya sa hannu.