Wa ya halatta, me aka halatta?

Ƴan uwana ɗalibai, duk sa'ad da gardamar auren jinsi ta tashi a fada, kafin shayi na biyu ya nuna an fara ɗaga murya. Ni kuwa abin da na lura, rabin faɗan daga fassara ya taso. Kalma guda ce ta rikita mu: "halatta".

Kun sha ji a labaran rediyo: "Faransa ta halatta auren jinsi." A kunnen Bahaushe halatta ɗiyar halal ce, kishiyar haram. Wanda ya ji jimlar sai ya ɗauka majalisar dokoki ta zauna ta ba da fatawa. To me ya faru a gaske? A watan Mayu na 2013, dokar da minista Christiane Taubira ta kare ta sauya kundin dokokin farar hula, ta ce mutum biyu na iya ƙulla aure gaban magajin gari, ko jinsinsu ɗaya ko daban. Tun 1792 Faransa ta ɗauke rajistar aure daga hannun coci ta ba hukuma. Dokar ba ta tilasta wa liman ko fada na coci ya ɗaura komi ba. A Ingila ma, dokar 2013 ta fito fili ta ce Cocin Ingila ba za ta ɗaura irin wannan aure ba. Haka Holan a 2001, Afirka ta Kudu a 2006, kotun ƙolin Amurka a 2015: duk maganar rajistar hukuma ce. Da an ce "doka ta amince da shi", da mai sauraro ya san inda aka dosa.

Hukuncin Musulunci dai a bayyane yake, mazhabobi huɗu ba su saɓa a kansa ba, kuma babu majalisar da ke da ikon taɓa shi. Cocin Katolika ma ba ta karɓe shi a matsayin aure ba. Takardar da fadar Paparoma ta fitar a Disamban 2023 ta ba da izinin sa albarka ne kawai, tana nanata cewa ba ɗaurin aure ba ne, amma duk da haka bishop-bishop na Afirka suka ce ba da su ba.

Sai dai ban yarda da abokanmu masu cewa "ai takarda ce kawai, ina ruwan addini" ba. Wallahi takardar nan da nauyi take. Ita ke faɗin wa zai ci gado, wa doka za ta kira uba ko uwa. Dokar Taubira ta buɗe wa ma'auratan ƙofar ɗaukar ɗa riƙo, kuma wannan na cikin abin da ya fito da dubban mutane titunan Paris. Ai tun 1999 akwai yarjejeniyar zaman tare da ake kira PACS. Me ya sa ba ta kashe gardamar ba? Don kowane ɓangare sunan "aure" yake so, da mutuncin da ke bayansa.

Mu ƴan Nijar bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. A nan waliyyi da shaidu da sadaki ke ɗaura aure, a raba goro, daga baya wasu su je ma'aikatar magajin gari su karɓo takarda, wasu ma ba su zuwa. Yunƙurin kafa dokar iyali a shekarun 1990 ya ci karo da ƙungiyoyin addini a kan tambaya ɗaya: wa ke da ikon faɗin mene ne aure, hukuma ko malamai? Maƙwabciyarmu Najeriya kuwa, a 2014 ta sa ɗaurin shekara 14 ga wanda ya ƙulla auren jinsi. Nan ma aka ce "ta haramta", alhali dokar hukunci ce ta gwamnati, kuma malaminka zai gaya maka haramcin bai jira sa hannun Goodluck Jonathan ba.

Don haka in gardamar ta sake tashi, kafin ka buga ƙirji ka tambayi abokin zancenka: auren meri kake nufi, ko na liman? Ku kuma masu sha'awar aikin jarida, ku bar wa malamai halatta da haramta. Majalisa amincewa take yi ko ta hana.