Tula Ta Nutse, Su Wa Suka Rage A Bakin Tafki?

Sharhinmu na wannan fitowa a kan wani tsohon fim ne na ƙasarmu, mai suna Tula, ko kuwa Aljanin Ruwa. Marigayi Mustafa Alasan ne ya shirya shi tare da wata Bajamushiya, Anna Soehring, ya kuwa fito a zamanin babban farin nan na 1973 zuwa 1974, lokacin da mushen bisashe ke zube tun daga kwarin Tarka har can arewa. Asalin labarin na mutanen yamma ne, wajen Tera, marigayi Bubu Hama ne ya sa shi a takarda. In kana zaune a Mai Yara ko wani gari na ƙasar Dakoro, mai yiwuwa ba ka taɓa ganin fim ɗin ba, gama majigi bai cika zuwa ƙauye ba. Ba kome. Abin da ke cikinsa iyayenka da kakanninka sun gan shi ido da ido, saboda haka kana da bakin yi masa hukunci.

Ga labarin a taƙaice. Ruwa ya ɗauke a ƙasar wani sarki, mutane da dabbobi suka shiga halaka. Sarki ya kira boka, boka ya ce aljanin tafki ba zai saki ruwa ba sai an ba shi budurwa. Abin ya faɗa kan Tula, wadda take jinin sarkin ce. Saurayin da ke son ta bai yarda ba, ya kama hanya neman ruwa don ya fanshe ta. Ya kuwa samo. Amma ko da ya komo da albishir, ya tarar an riga an miƙa ta, tafki ya haɗiye ta.

Abin da Mustafa Alasan ya gane, ya kuma nuna shi sarai, shi ne halin jama'a in tsoro ya kama su. Mutum yana iya jure yunwa, amma da wuya ya jure masifar da ba ta da dalili. Sai ya shiga neman wuyan da zai rataya wa laifin, ko kuwa wani abu mai tsada da zai bayar ya ce ya biya. Boka bai kawo ko ɗigo ɗaya ba, amma ya ba mutane abin yi, shi ya sa aka saurare shi. Saurayin kuwa, wanda shi ne mai gaskiya, aikinsa yana son kwanaki, ga shi tsoro ba ya jira. Ka lura kuma da wanda aka zaɓa. Ba dattijo ba ne, ba mai takobi ba, yarinya ce wadda ba a tambaye ta ba. A nan fim ɗin bai yi ƙarya ba ko kaɗan.

Wani abin mamaki, shi Bubu Hama a lokacin shi ne shugaban majalisar dokokin ƙasa. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau, cikin manyan dalilan da suka bayar kuwa har da yadda aka yi da taimakon cimaka. Bubu Hama kansa ya sha ɗauri. Watau a labari sarki ya ba da ɗiya ya tsira da gadonsa, a zahiri kuwa farin ya ci gadon.

To, ga inda nake da magana. Nauyin labarin duka yana kan abin da ya faru kafin mutuwa: za a yi, ba za a yi ba, zai iso, ba zai iso ba. Wannan shi ke riƙe ɗan kallo a kan benci. Amma wanda ya taɓa rashi ya san wuyar ba a ranar take ba. Tana zuwa ne bayan an watse, ran da aka ɗauko akushi huɗu alhali masu ci uku suka rage. A wannan fanni mutanen karkara sun fi fim ɗin ilmi nesa ba kusa ba.

Dubi zaman makoki. Kwana uku ba a barin mai rashi shi kaɗai, maƙwabta su kawo tuwo da fura, gama Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci a yi wa iyalan Ja'afar abinci sa'ad da labarin rasuwarsa ya zo. Kowa ya shigo sai an sake ba shi labarin yadda ciwon ya fara da yadda aka cika, mai rashi ya faɗa sau ashirin, sau talatin, har maganar ta daina shaƙe shi. Sa'an nan ga sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in inda ake yin su, ga takaba wata huɗu da kwana goma. Malamai suna da saɓani a kan waɗansu daga cikin sadakokin nan, wannan fagensu ne. Ni abin da na gani shi ne an yanka wa baƙin ciki matakai, yadda mai hawa rumbu ba ya tsalle ɗaya ya kai. Mugun abin da fari ya yi a 1973 da 1984 shi ne ya karya wannan tsani. Mutane sun mutu a hanya, waɗansu a sansani irin na Lazare a Yamai, ba dangi, ba hatsin sadaka, ba ma wanda zai ce sannu, don kowa nasa ya ishe shi.

Sai jama'a suka yi wata dabara, suka raɗa wa yunwa suna. Ta 1913 zuwa 1914 ita ce Kakalaba. Akwai Mai Buhu ta 1927, da Ƴar Gusau ta 1942, da Muda ta wajen 1953. Ta 1984 kuwa a ƙasarmu El Buhari ake ce mata, watau ɗiyar Buhari, domin a Afrilun shekarar nan gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakar Nijeriya, ba a buɗe ba sai 1986, hatsi ya daina hawowa daga Katsina da Kano yadda aka saba. Malam Buraima Alfa Gado ya tattara irin sunayen nan a littafinsa na tarihin yunwa a Sahel, wanda ya fito a 1993. A ganina kowane suna ƙaramin littafi ne. Abin da aka sa wa suna ya zama yana da farko yana da ƙarshe, tsohuwa ta iya cewa an haifi wane bayan El Buhari da damina biyu, ta wuce wurin ba tare da ta buɗe gyambon ba. Har da ɗan ba'a a ciki, irin ta wanda ya tsira.

Amma fa sunan yana da irin lahanin bokan Tula. Rufe iyaka ya ƙara wa wuta ice, gaskiya ne, sai dai ba shi ya hana ruwa sauka ba, ba shi ya cinye rumbunan tsimi ba. In an tara laifi a kan mutum guda, sauran tambayoyi sai su kwanta. Mafi muni kuma shi ne hana sunan. A 2005, bayan fara da ƙarancin ruwa na 2004, uwaye suna layi da yara a cibiyoyin tamowa na Maraɗi da Dakoro, mutane suna jiƙa anza suna ci, shugaban ƙasa na lokacin, Tanja Mamadu, ya ce ba yunwa a Nijar. Wadda ta binne ɗanta a shekarar nan, da wane baki za ta faɗi abin da ya kashe shi?

Ita wannan uwa, mu ma muna da alhakinta. Kalmar haƙuri magani ce, amma mun mai da ita marfi. Mace ta rasa ɗan fari, kunya ta hana ta ko ambaton sunansa tun yana da rai, balle ta yi kukansa a gaban surukai. Da ta fara hawaye sai a ce kul, kada ki ƙona shi. Alhali kuwa Manzon Allah ya zubar da hawaye ran da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da maganar saɓo. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi mai tsanani, wanda ya zarce wata shida yana hana mutum harkarsa, cikin jerin cututtukan da ake dubawa. In ka ga maƙwabciyarka ta daina barci, ta daina zuwa rijiya, ba rashin imani ba ne. A zauna da ita, in abin ya ƙi a kai ta likita.

Da ni ne mai ɗaukar fim a ƙasar Dakoro, da habbanaye zan ɗauka. Bafillacen da garkensa ya ƙare ba dukiya kaɗai ya rasa ba, ya rasa shanun da ya san su da suna, ya san uwayensu. Sai ɗan'uwa ko aboki ya ba shi aron karsana, ya yi kiwonta har ta haihu sau biyu ko uku bisa al'adar wurin, ya riƙe ƴaƴan ya mai da uwar. Ba wanda ya ce masa ya manta. An dai ba shi dalilin tashi da asuba, an kuma nuna masa har yanzu ana lissafa shi cikin makiyaya. Saurayin Tula ya komo da labarin ruwa ya tarar ba wadda zai ba, daga nan ne nake so a ɗora na'ura a kansa, a bi shi har damina ta gaba a ga wanda ya ba shi karsana.