Kyautar Villa da Kukan 'Yan Ƙwallon Kwando: Gyara Kayanka



Tun watan Agustan 2025 hirar majalisunmu ba ta rabu da maganar 'yan matan nan na ƙwallon kwando da ake kira D'Tigress ba. Sun je Abidjan sun doke Mali da ci 78 da 64, suka ɗauki kofin Afirka karo na biyar a jere. Da suka dawo aka tarbe su a fadar shugaban ƙasa nan Abuja, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da tukwicinsu: kowace 'yar wasa dala dubu 100, da gida mai ɗaki uku, da lambar girma ta ƙasa. Wasu a cikinmu suka ce wannan almubazzaranci ne alhali talaka bai ci ba, wasu suka ce ai guminsu ne. Mu a ganinmu duka ɓangarorin biyu kuɗin suka kalla, suka manta da abin da yaran nan suke sha idan an kashe fitilar fili.

Bari mu tuna baya kaɗan. A watan Oktoban 2021, bayan sun ci kofin Afirka a Yawunde ta Kamaru, sai da 'yan wasan ƙungiyar suka zauna gaban kyamara suna kokawa cewa ana riƙe musu alawus da kuɗaɗen da aka yi musu alkawari. Mu 'yan kasuwa mun san nauyin wannan magana. Ko ɗan dako ne ya sauke maka buhu, ba ka cewa ya dawo baɗi, kuma addininmu ya tsananta a kan biyan ma'aikaci haƙƙinsa da wuri. To ina ga wanda ya ɗauko sunan ƙasa gaba ɗaya a kansa?

Abin bai tsaya nan ba. A watan Fabrairun 2022 sun je Belgrade sun doke Faransa da Mali, suka samu gurbin gasar cin kofin duniya da za a yi a Ostireliya. Sai ga shi a watan Mayu gwamnati ta ce ta janye Najeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na shekara biyu, saboda rikicin shugabanci a hukumar NBBF. Hukumar duniya, wato FIBA, ta ɗauki gurbin ta miƙa wa Mali, wadda suka riga suka doke. Daga baya gwamnati ta soke janyewar, amma ihu ne bayan hari. Manya suka yi faɗan kujera, yara suka biya kuɗin sabulu. Mai wasan ƙwallo kuwa shekarunsa ƙidayayyu ne, gwiwa ba ta jiran a gama zaman sulhu.

Haka a gasar Olamfik ta Paris a 2024. Jaridu sun ruwaito cewa ranar bikin buɗewa sun yi doguwar tafiya daga garin Lille, amma aka hana su shiga jirgin ruwan tawagar Najeriya da sunan ya cika. Waɗannan da aka bari a bakin ruwa su ne suka doke Ostireliya da Kanada, suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a Olamfik. Mai horar da su, Rena Wakama, ita aka zaɓa gwarzuwar masu horarwa a gasar mata.

Saboda haka sukarmu ga hukuma ita ce: kyauta daban, tsari daban. Kyauta sai an ga dama, kuma sai an ci kofi. Wadda ta karye a atisaye kafin a tafi Abidjan fa, wa ya kira ta Villa? Abin da zai riƙe 'yar wasa shi ne alawus a kan lokaci, da kuɗin magani idan ta ji rauni, da gasar cikin gida mai ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa daga cikin taurarin nan, irin su Amy Okonkwo da Ezinne Kalu, har da ita kanta Rena Wakama, a Amurka aka haife su, makarantun can suka raine su. Mun gode musu da suka tuna gida, amma gaskiya ita ce wani ya yi noma mu muka zo girbi.

Wannan ya sa labarin Murjanatu Musa ya fi tsaya mana a rai. Ita 'yar gasar gida ce. A ƙungiyar Air Warriors ta nan Abuja ta yi suna, inda suka ci kofin gasar mata ta Zenith a 2019 aka kuma zaɓe ta gwarzuwar gasar. Daga nan ta wuce Sifaniya, sannan Faransa. A talabijin tsallenta kawai muke gani. Amma mu da muka baro Kano da Katsina da Sakkwato muka zo neman halal a Abuja mun san ɗacin zaman baƙunta, ga shi kuwa mu ko mota muka hau kafin dare mun isa gida. Balle yarinya a ƙasar da harshe ba nata ba, abinci ba nata ba, ga sanyi, ga kwantiragin da yakan ƙare da ƙarewar kaka, kuma ko ba a faɗa ba mun san yadda idon dangi yake kan duk wanda ya fita waje.

To, laifi tudu ne, sai mu taka namu. Mun san damuwar iyaye a unguwar nan: sutura da cuɗanya. Damuwa ce ta gaskiya, mu ma muna da ita, kuma ba za mu ce wa kowa ya saki 'yarsa da gajeren wando ba. Sai dai mu san abin da ake ciki. A 2014 'yan matan Katar sun fice daga gasar ƙasashen Asiya a Koriya ta Kudu saboda an ce su cire hijabi, suka ƙi. Wata Musulma 'yar Amurka, Bilqis Abdul-Qaadir, ta haƙura da wasan kuɗi a ƙetare saboda wannan doka, ta koma fafutukar a canza ta. A 2017 FIBA ta amince a yi wasa da rufin kai. Waɗannan 'yan uwa ba su yi watsi da addini ba, ba su kuma koma gefe suna zagi ba, tsayawa suka yi har doka ta sauya.

Mu fa me muka yi? Filin da ke bayan makaranta samari sun mamaye shi da ƙwallon ƙafa safe da yamma. 'Ya'yanmu mata daga boko sai Islamiyya sai talla, sauran lokacin kuma waya a hannu. Wannan wayar ta fi ƙwallo haɗari, kowa ya sani. Abin da ya fi muni shi ne yadda wasu samarinmu suke hawa Facebook suna yi wa 'yan wasan nan ƙazafi don kawai sun ga hotonsu. Nasiha tana da ladubbanta, cin naman mutum kuwa ba nasiha ba ne, kuma za a tambaye mu a kansa.

Shawararmu ga kwamitin unguwa da malaman Islamiyya ita ce a zauna a duba yiwuwar ware wa 'yan mata rana ɗaya a mako a harabar makaranta mai katanga, da malama mace mai kula, da sutura cikakkiya. Kwando biyu da ƙwallo ba su kai kuɗin kayan lefe ɗaya ba. Ba lallai ne a samu wata Murjanatu a cikinsu ba. Idan an samu lafiyar jiki da tarbiyya, an ci riba.

Ga hukumomi kuma, mun yaba da tukwicin, muna fata kowace ta karɓi nata a hannu, har da makullin gida. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: a biya haƙƙi tun kafin a kai ga kuka gaban kyamara.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.