Jinjina ga Malaman Jami'a na Ƙasar Yawuri

Masarautar Yawuri ta yi suna da kamun kifi da bikin Rigata a bakin Kogin Kwara, amma ta kuma haifi mutum biyu da suka shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Na farko shi ne Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski. Ya soma da binciken tarihin Yawuri a ƙarni na 19, sannan ya yi digiri na uku a Birmingham ta Ingila. Littafinsa na 1978, The Hausa Factor in West African History, ya bi sawun fataken Hausa da ayarinsu har Gwanja, ƙasar goro. Ya nuna yadda zango kan zama unguwa mai masallaci da makarantar allo, da yadda Hausa ta zama harshen ciniki nesa da gida. Har yau ɗalibin tarihin Hausawa ba ya tsallake wannan littafi.

Na biyu, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, ya riƙe jami'ar kafin a naɗa shi Sarkin Yawuri a 1999. Yaran Shanga, Ngaski da Yelwa, garuruwan masarautar, na da abin koyi a gida. Allah ya saka wa waɗannan malamai da alheri.