Gwanayen Tukar Rake

Mai shan rake a bakin hanya yakan tauna, ya tsotse, ya tofar da tuka a ƙasa, sai dai mai shara ya yi ta fama. A masana'antun sukari na jihar Sawo Fawlo ta ƙasar Burazil kuwa, wannan tukar ce ke juya injin da ya tatse ta, kuma akwai mutanen da suka tsufa ba su da sana'ar da ta wuce sanin halinta.

Duk tan guda na rake da ya bi ta matatsa yakan bar tuka wajen kilo 280, kusan rabin nauyinta ruwa ne. A nan gwanintar take. Jiƙaƙƙen abu ake so ya ci wuta ba dare ba rana, watanni a jere, har kakar rake ta ƙare. Mai kula da tukunyar tururi idonsa na kan launin harshen wuta da hayaƙin da ke fita. In tuka ta zo da laima fiye da ƙima, saboda ruwan sama ko don matatsa ta yi sako-sako, wuta sai ta lafa, tururi ya ragu, masana'anta duka ta ji a jikinta. Shi zai san lokacin ƙara iska da lokacin rage ciyarwa. Masu dafa mazarƙwaila a Maƙarfi ba za su yi mamaki ba, don su ma da busasshiyar tuka suke hura wutar kaskonsu. Bambancin shi ne, su rana ke shanya musu, mai kula da tukunyar kuwa ba shi da lokacin shanya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake sa tururin nan aiki sau biyu. Yana fitowa da ƙarfinsa ya juya injin lantarki, in ya gaji ya huce kaɗan a kora shi ya dafa ruwan rake. Masana'antar ta wadatar da kanta da wuta, rarar kuma ta sayar wa gari. Tsibirin Morishiyos, wanda ba shi da man fetur ko kwal a ƙasarsa, ya daɗe yana samun wani kaso na lantarkinsa ta wannan hanya. A jihar Tamil Nadu ta Indiya kuma takardar rubutu da ta buga jarida ake yi da tukar.

Sai baƙin maɗin nan mai kauri da ke saura bayan an tsame ƙwayar sukari. Shi ake sirka da ruwa a zuba masa yis, cikin awoyi kaɗan ya tsima, a tace shi ya zama itanol. Yis ɗin ma ba a zubarwa: a ware shi da inji, a wanke, a mai da shi aiki. Gwamnatin Burazil ta rungumi wannan sana'a a 1975, bayan tashin farashin mai na 1973 ya gigita ta. Tun 2003 ake sayar da motoci a can masu shan fetur ko itanol, duk wanda direba ya ga ya fi araha, fetur ɗin kansa kuma fiye da kwatansa itanol ne. Kamfanin Braskem ya fara yin roba da itanol a 2010. Uwargida ma tana da rabo, don maɗin rake na cikin abubuwan da ake tsimawa a yi farin magi.

Ba komai ne ya zo da sauƙi ba. Kowace lita ta itanol tana barin fiye da lita goma na wani ruwa mai tsami da wari, wanda a da ake kwararawa koguna yana kashe kifi. Da aka hana, sai aka lura yana cike da sinadarin fotasiyam, aka koma fesa shi a gonakin raken bisa awo. Taɓon da ke maƙalewa a matatar ruwan rake shi ma gona yake komawa a matsayin taki.

Mu ma muna da masana'antun sukari a Numan da Sunti, tuka da maɗin da ke fita daga cikinsu kuwa iri ɗaya ne da na Burazil.