Damin Gashin da Almakashi Bai Taɓa Kansa Ba

Idan aka ɗora maka buroshin aski na ƙwarai a tafin hannu, kansa ne zai fara ɗaukar idonka. Dubban silin gashi ne suka haɗu suka yi tulluwa, babu wanda ya zarce ɗan'uwansa, babu wanda ya noƙe. Kusan duk wanda ka nuna wa zai ce da almakashi aka daidaita shi. Almakashi kuwa bai kusanci wannan kan ba, domin ranar da ya taɓa shi, ranar buroshin ya sauka daga na ƙwarai ya koma na kasuwa. Fitar da wannan siffa ba tare da an yanke bakin sili ko ɗaya ba ita ce sana'ar, kuma ta rage a hannun mutane ƙalilan a Ingila da Jamus da Faransa da Sin, sai wasu ɗaiɗaiku a Amurka.

A wurinmu wanzami da tafin hannu yake jiƙa kai, ya murza, ya ƙara murzawa kafin ya ɗora aska, domin ya san busasshen gashi ba ya yankuwa ta daɗi. Wannan buƙatar ce ta haifar da buroshin aski a Turai, inda ake amfani da shi tun ƙarni na 18. Yana ɗebo ruwan ɗumi ya riƙe, a murza shi a kan sabulu, ya cusa iska a ciki har kumfa ta yi kauri, sannan ya kai ta gindin gashi ya tayar da silin da ya kwanta. Gashin da ya sha ruwa minti biyu zuwa uku yakan yi laushi, reza ta wuce ba ja ba karta. Mai murɗaɗɗen gashi, wanda ƙurajen aski ke damu a wuya, ya fi kowa sanin bambancin askin da aka jiƙa sosai da wanda aka yi a tsaitsaye.

Gashin da ya fi daraja a wannan sana'a na wata dabba ce ta ƙasashen sanyi, 'yar'uwar dagen da muka sani a daji, mai kwana a rami, mai farin zane a fuska, ita ma dage za mu kira ta a nan. Abin da ya sa aka zaɓe ta yana cikin ƙirar silin ɗaya tak. Siriri ne a gindi, sai ya yi ciki a tsakiya, sai ya riƙa tsukewa har ya ƙare da baki mai laushin gaske. Launinsa ma hawa uku ne: haske a ƙasa, baƙi a tsakiya, fari a sama. Cikin nan shi ke ba buroshi ƙarfin tsayuwa, bakin kuma shi ke shafar fata. To idan aka datse bakin, me ya rage? Kututture mai tsini, mai sukar fuska. Shi ya sa buroshi mai araha, wanda aka cusa wa gashi aka aske kansa da inji, yake ƙaiƙayi komai kyawun mariƙinsa.

Ga yadda gwani ke yi. Yana zaune gaban tebur, ga sikeli, ga matajin ƙarfe, ga zare, ga jerin ƙananan ƙoƙunan ƙarfe kowanne da faɗinsa. Sai ya ɗebi gashi ya auna, domin kowane girman buroshi da nauyin gashin da yake ci. Idan ya yi kaɗan kan zai yi laɓo-laɓo, idan ya yi yawa zai riƙe kumfa ya hana ta fita. Ya taje, ya sake tajewa, ya fitar da gajeru da karyayyu da waɗanda suka juya gindi sama, don sili ɗaya da ya shiga a juye ya isa mai aski ya riƙa jin suka kullum a wuri ɗaya. Daga nan sai ya kifa damin, baki ƙasa, ya zura shi cikin ƙoƙo. Ƙasan ƙoƙon a ciki ba shimfiɗaɗɗe ba ne, an rarake shi daidai da siffar kan da ake so. Sai ya riƙa buga ƙoƙon a kan tebur, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar yadda mace ke buga gindin tsintsiya a tafin hannu don tsinkayen su daidaita. Da kowane bugu silin na zamewa har bakinsa ya taɓa bangon ƙoƙon. Na tsakiya ya nitse can ƙasa, na gefe ya tsaya sama-sama. Duk wani rashin daidaito ya tattara ya koma gindi, inda babu ruwan fuska da shi.

Wannan dabarar tana burge ni ƙwarai, domin ba ta tilasta wa gashin komai. Nauyinsa da santsinsa ne ke kai kowane sili mazauninsa, shi dai mai aikin ya san ƙarfin bugun da kuma lokacin da zai tsaya.

Kafin ya zaro damin sai ya ɗaure shi tamau da zare. Idan ya fito, sai ya murza shi tsakanin yatsu, ya juya shi a gaban haske, ya danna nan ya saki can har kafaɗun kan su zauna daidai, ya tsince duk silin da ya fanɗare. A nan ne hannun wani ke bambanta da na wani, kuma masu tara irin waɗannan buroshi sukan gane aikin wani gida daga zaman kafaɗar kawai. Sai yanzu wuƙa ke shigowa, ita ma a gindi: a datse shi ya yi daidai, a zuba masa gam mai ƙarfi wanda ruwa ba ya narkarwa. Zuba gam ɗin ma aiki ne. Dole ya ratsa har tsakiyar damin ya kama kowane sili, in ba haka ba buroshin zai yi ta zubar da gashi har ya yi sanƙo. Idan kuma ya yi yawa ya haura sama, sai ya daskare ya zama dunƙule mai tauri a cikin kan, ya rage wa gashin wurin lanƙwasa.

Gidajen da suka riƙe wannan aikin sun ga duniya. Plisson na Faransa ya faro tun 1808. Alexander Simpson ya buɗe nasa a gabashin Landan a 1919, bama-baman yaƙin duniya na biyu suka rushe masana'antar a 1941, aka kwashe aikin zuwa wani tsohon gidan niƙa a Somerset, inda ƙarfin ruwan kogi ke juya injuna. A 2008 kamfanin Vulfix ya saye sunan ya mayar da aikin tsibirin Man, kuma har yau da hannu ake ɗaure damin buroshinsu na gashin dage, irin su Chubby mai kauri da ɗan mitsitsin nan Wee Scot. A Jamus, Otto Johannes Müller ya kafa Mühle a 1945 a yankin tsaunukan Sakson. Gwamnatin Jamus ta Gabas ta ƙwace kamfanin a 1972, iyalin suka karɓo abinsu a 1990 suka sake tayar da shi. A garin Bechhofen na jihar Bavariya har gidan tarihi aka yi wa buroshi, kuma a Jamus shekara uku ake yi ana koyon sana'ar kafin a ba mutum shaida.

Saura kaɗan duk wannan ya tafi. Tun 1919 Barbasol ya fito da man aski da ba ya buƙatar buroshi, a 1949 kuma kumfar gwangwani ta shigo kasuwar Amurka, kowa ya ga sauƙi ya bi. Intanet ce ta farfaɗo da sana'ar a farkon wannan ƙarni, lokacin da masu sha'awar askin gargajiya suka sami juna, suka fara tambayar wanda zai yi musu buroshi daidai da fuskarsu. Daga nan ne ƙananan masu sana'a suka ɓullo, mutum ɗaya da injin sassaƙa mai juyi a garejin gidansa, yana fitar da 'yan ƙalilan a mako.

Yawancinsu mariƙi suke yi, damin kuma su sayo shi a ɗaure, galibi daga Sin. Ban ga aibin wannan ba muddin mutum ya faɗi gaskiya, domin mariƙin ma ba wasa ba ne. A da da hauren giwa da ƙaho da katako ake yi. Yanzu roba mai tauri ta fi yawa, wadda wasu da kansu suke haɗa launukanta su zuba a mazubi, su rufe a tukunyar matsin iska don kada kumfar iska ta bar rami a ciki. Mai son katako kuwa sai an fara shayar da itacen ruwan roba ya ratsa shi, in ba haka ba jiƙa da bushewar kullum za su tsaga shi. A ɗaura sandar a inji tana juyawa, a riƙa fere ta da kurfi har wuya da ƙugu su fito, a bi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi ana yayyafa ruwa, a goge har ta yi ƙyalli. Mariƙin kirki shi ne wanda hannu mai sabulu zai kama bai suɓuce ba, kuma idan aka ajiye shi ya tsaya da gindinsa.

Amma wurin da mai mariƙi ke nuna ya san aikinsa rami ne, ramin da damin zai zauna a ciki. Zurfinsa ne ke yanke tsawon gashin da zai fito waje. Dami mai faɗin milimita 24 da aka bari ya fito milimita 54 zai baje a fuska, ya yi laushi, ya dace da mai haɗa kumfa a kwano. Shi dai wannan damin, idan aka nitsar da shi ya fito milimita 48, sai ya tsaya ƙyam, ya ci sabulu mai tauri, ya dace da mai haɗa kumfa a kan fuska kai tsaye. Milimita biyu kacal na iya sauya halin buroshi. Shi ya sa mai kula ba ya gaggawar zuba gam. Yakan saka damin haka nan, ya danna a bayan hannunsa ya ji, ya ciro, ya jefa kwabo ɗaya ko biyu a ƙasan ramin don ya ɗaga shi, ya sake gwadawa, sai ya gamsu sannan ya manne.

Don haka wanda zai ba da aikin buroshi, ina ganin kuskure ne ya fara da launin mariƙi, ko da yake shi ne ke jan ido a hoto. Ya fara da faɗin damin, wanda yawanci ke tsakanin milimita 20 zuwa 28, da tsawon da zai fito, da siffar kan, mai tulluwa ko mai bajewa. Ya tambayi wanda ya ɗaure shi, kuma ko an taɓa bakin gashin da sinadari, domin wasu na wanke shi da magani ya yi fari da laushin da ba nasa ba, irin wannan kuwa yakan yi saurin karyewa. Kada sunayen darajar gashi su ruɗe shi. Babu wata hukuma da ta tsayar da ma'anarsu, abin da wani gida ya kira na biyu yana iya fin na ɗayan wani gidan. Akwai gidajen da ke barin mai saye ya zaɓi kowane awo da kansa. Mai sana'ar kirki kuma shi ma zai yi maka tambaya: wane sabulu kake amfani da shi, fatarka na da saurin jin zafi, kai kake askewa ko gefen gemu kawai? Farashin manyan na gashin dage yakan haura fam 200.

Akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, wato daga ina gashin ya fito. Tarihi ya nuna ba tambayar banza ba ce. A lokacin yaƙin duniya na ɗaya gashin dage ya yanke, aka riƙa shigo da gashin doki da ba a tsabtace ba ana rina shi ya yi kama da shi, ɗaruruwan sojoji da fararen hula a Amurka da Birtaniya suka kamu da cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, ta 'yan yankan da reza ke bari a fuska. Daga nan aka tilasta tsabtace gashi kafin a sayar. A yau dokar 1992 ta kare wannan dabba a Birtaniya, kusan duk gashin daga Sin yake zuwa, kuma sai an kashe dabbar ake samunsa. A 2018 ƙungiyar PETA ta fitar da hotunan yadda ake tsare su a keji a wasu gonakin Sin, abin da ya sa kamfanin Procter & Gamble ya daina sayar da irin wannan buroshi. Duk ƙaunar da nake yi wa sana'ar, ba zan ce wannan ƙaramin abu ba ne.

Musulmi kuma yana da tasa tambayar. Buroshi masu araha da suka yi suna, irin na Omega a Italiya da Semogue a Fotugal, da yawansu da gashin alade ake yi. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan hukuncin gashinsa, amma mafi yawan mutanenmu ba za su so shafa shi a fuska ba, don haka a karanta kwali kafin a biya. Mafita tana nan. Kamfanin Vie-Long na Balansiya a Sifen yana haɗa gashin geza da na wutsiyar doki, wanda ake yanka daga dabba mai rai. Ga kuma zaren roba na zamani, wanda aka koyi tsuke bakinsa ya yi siriri irin na dage. Ba ya wari, yana saurin bushewa ko da damina, yana da araha, kuma a wasu gidajen, Mühle na cikinsu, hannun da ke ɗaure gashin dage shi ke auna shi ya buga a ƙoƙo ya ɗaure. Ni shi zan fara nuna wa sabon shiga.

Kowanne mutum ya zaɓa, riƙonsa ɗaya ne. A jiƙa shi da ruwan ɗumi, ban da tafasasshe, don zafi na lalata gam yana kuma murɗe bakin gashi. Kada a danna shi har gindi a kan fuska. Bayan aski a ɗauraye sabulun tas, a girgiza, a shafa a tawul, a ajiye inda iska ke wucewa, ba cikin rufaffiyar jaka ba. Sabo yakan zubar da 'yan silin gashi a makonnin farko sannan ya daina. Wanda aka ɗaure da kyau yakan haura shekara goma yana aiki, kuma ko ya gaji, mai sana'a zai iya huda tsohon damin ya fitar, ya share ramin, ya dasa sabo a cikin mariƙin.