Jinjina ga Masu Shuka Ƙwan Kifi a Kogin Sandi

A duk faɗin Amurka, jihar Men ce kaɗai kifin salmon na Tekun Atlantika ya rage a kogunanta, shi ma tun shekarar 2000 aka sa shi cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Madatsun ruwa na kogin Kenebek sun tare masa hanyar zuwa kogin Sandi, inda yake saka ƙwai.

Ma'aikatan hukumar albarkatun teku ta jihar da 'yan sa-kai ba su naɗe hannu ba. Da tsakiyar hunturu suke ratsa dusar ƙanƙara zuwa kogin Sandi, su kafa bututun ƙarfe cikin tsakuwa, injin ruwa ya wanke laka ya buɗe rami. Sai su zuba ƙwai waɗanda idon ɗan kifin ya riga ya bayyana a ciki, su zare bututun tsakuwa ta rufe, tamkar yadda uwar take yi da wutsiyarta.

Ɗan kifin da ya ƙyanƙyashe a nan shi ke nemo abincinsa, ya koyi guje wa maƙiya, ya riƙe ƙamshin kogin da zai dawo da shi daga teku bayan shekaru. Wannan aiki sai mai haƙuri.